SHARHI: Wa Zai Taya Yaron Takur Aikin Gida Na Lissafi?

Cikin wata guda kacal a ƙarshen shekarar 2025, Gwamnatin Tarayya ta yanke hukunci biyu da suka taɓa darasin lissafi. A tsakiyar Oktoba, Ma'aikatar Ilimi ta sanar cewa ɗalibin da ke neman gurbin karatun adabi, harsuna, tarihi da makamantansu a jami'a ba sai ya ci kiredit a lissafi ba. Da surutu ya yi yawa, ma'aikatar ta dawo ta fayyace cewa har yanzu wajibi ne kowane ɗalibin sakandare ya yi rajistar lissafi kuma ya zauna jarrabawarsa. Sharaɗin shiga jami'a kawai aka sassauta. A watan Nuwamba kuma, Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya bayyana soke tsarin koyarwa da harshen uwa da gwamnatin Buhari ta amince da shi a 2022. Ingilishi ya koma harshen koyarwa tun daga rabin aji har jami'a.

An tafka muhawara kan duka biyun, ɗaya a kan darajar digiri, ɗaya a kan martabar harsunan gida. Abin da ba a cika ji ba shi ne yadda hukuncin biyu za su sauka a kan tabarmar tsakar gida bayan sallar Isha'i, lokacin da yaro ɗan aji huɗu ke buɗe littafinsa ya tarar da tambayoyi biyar da malami ya ce a yi a gida. A wannan sa'ar ne ake rabe 'ya'yan da za su iya lissafi da waɗanda za su tsane shi har tsufa, kuma babu ma'aikatar da ke da ofishi a wurin.

Abin da aikin gida ke ɗauka cewa akwai

Duk malamin da ya ba da aikin gida ya yi zato uku ba tare da ya faɗa ba: yaron yana da lokaci, yana da hasken da zai ga rubutu, kuma idan ya cije akwai wanda zai tambaya. Takur, ɗaya daga cikin unguwannin da suka bunƙasa bayan Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, wuri ne mai kyau na gwada wannan zato, domin a layi ɗaya za a samu gidan ma'aikacin sakatariya, gidan ɗan kasuwa, gidan mai tura ruwa da gidan bazawara mai sayar da awara. 'Ya'yansu na iya zama aji ɗaya, su ɗauko tambayoyi iri ɗaya.

Batun lokaci sananne ne ga duk wanda ya tashi a Arewa. Boko da safe, Islamiyya da yamma, a gidaje da dama kuma akwai karatun allo ko makarantar dare bayan Magariba. Yarinya tana da ƙarin wanke-wanke, raino, wani lokacin da talla. Abin da ya rage na aikin gida bai wuce ɗan tsakanin cin tuwo da barci ba, sau da yawa da fitilar waya.

Zato na ukun ne ya fi nauyi. A gidan ma'aikacin gwamnati, uba ko uwa ko yaya zai duba littafin, idan kuma ba su da lokaci sai a ɗauki malamin lesin a biya shi duk wata. A gidan mai tura ruwa babu ko ɗaya. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 zuwa 2019 sun sanya talauci a Jigawa a kashi 87 cikin 100, jihohin Sakkwato da Taraba kaɗai suka ɗara ta, kuma an tattara su ne tun kafin cire tallafin man fetur a Mayun 2023. A irin wannan jiha, kuɗin lesin abin 'yan tsiraru ne. Idan haka lamarin yake a tsakiyar Dutse, sai a ƙiyasta ƙauyukan Kiyawa, Jahun, Miga da Buji, inda malamin lesin ma babu shi ko da akwai kuɗin.

Washegari, yaron da bai samu mataimaki ba yana da zaɓi biyu: ya je da littafi fayau ya sha bulala ko tsallen kwaɗo, ko ya yi sammako ya kwafa daga littafin abokinsa kafin a buga ƙararrawa. Yaro mai hankali zai kwafa. Malamin da ke fama da cunkoson aji zai bi layi yana sa alamar daidai da jan biro, ya ga kowa ya ci, ya wuce darasi na gaba. Ta haka aikin da aka ƙirƙira don nuna wa malami inda yaro ya tsaya ke komawa abin da ke ɓoye masa hakan. Masu kukan satar amsa a WAEC da NECO ba su cika waiwayar wannan makarantar share fage ba.

Taimako iri biyu ne

A ɗauki tambaya ɗaya: a ɗebe 178 daga 402. Yara da yawa za su rubuta 376. Amsar kuskure ce, amma akwai tsari a cikinta. Yaron ya bi kowane gida ya cire ƙaramar lamba daga babba, 2 daga 8, sifiri daga 7, 1 daga 4, saboda bai gane aro daga gidan maƙwabci ba, balle a ce maƙwabcin sifiri ne shi ma sai ya aro. Mataimaki na farko zai ce masa goge, rubuta 224. An gama aiki, kowa ya kwanta. Mataimaki na biyu zai ce: kana da naira 402, ka sayi kaya na naira 178, nawa za a ba ka canji? Yaron da ake aika kanti kullum zai ƙirga daga 178 zuwa 200, daga 200 zuwa 400, ya ƙara 2, ya iso 224 da kansa, sa'annan ya lura cewa abin da ya rubuta a takarda bai yi daidai da abin da ya sani ba. Daga nan koyo ke farawa.

Lissafi ya bambanta da yawancin darussa domin gini ne, tubali bisa tubali. Wanda bai fahimci aro a aji uku ba zai sha wuya a rabawa a aji huɗu, ya ɓace a ɓangarorin lamba a aji biyar, ya isa ƙaramar sakandare yana kallon aljabara kamar rubutun Sinanci. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta gudanar tare da UNICEF, ya gano cewa kusan kashi 25 cikin 100 kacal na yaran Najeriya 'yan shekara 7 zuwa 14 ke da ginshiƙin lissafi, wato karanta lambobi, gane babba da ƙarama, tarawa da cike jerin lamba, abubuwan da ake tsammani daga ɗan aji biyu ko uku. Sakamakon WAEC wutsiyar wannan labari ce. A Agustan 2025 hukumar ta fara sanar da cewa kashi 38.32 ne suka samu kiredit biyar har da Ingilishi da lissafi, bayan 'yan kwanaki ta ce an yi kuskure wajen duba wasu takardu ta gyara zuwa kashi 62.96. Ko da gyararren adadin, an faɗo daga kashi 72.12 na 2024. Kuma waɗannan su ne yaran da suka jure har ajin ƙarshe na sakandare.

Uwar da ta iya lissafi amma ba ta iya taimako

A nan ne hukuncin Nuwamba ya shigo. Akwai wani kuskure da 'yan boko ke yawan yi, na ɗaukar cewa iyayen da ba su yi makarantar zamani ba ba su san lissafi ba. Matar da ke sayar da awara a cikin gida tana lissafa kuɗin waken suya, niƙa, mai da itace, ta fitar da uwar kuɗi, ta ware riba, ta tuna bashin gidaje shida, ta zuba adashi, duk da ka. Dillalin hatsi a kasuwar Shuwarin yana juya tiya zuwa buhu, buhu zuwa kuɗi, kafin mai kalkuleta ya gama latsawa.

A zaurukan malamai kuwa, an daɗe ana koyar da abin da ke firgita ɗaliban aji biyar. Mutum ya rasu ya bar mata, mahaifiya da 'ya'ya maza. Mata tana da sumuni, ɗaya bisa takwas; mahaifiya tana da sudusi, ɗaya bisa shida. Malamin gado zai ce asalin mas'alar 24 ne: mata ta ɗauki 3, mahaifiya 4, ragowar 17 na 'ya'ya. Wannan 24 ɗin ita ce ƙaramar lambar da 8 da 6 ke shiga ba saura, ainihin abin da littafin firamare ke koyarwa da sunan Ingilishi mai haruffa uku. Hausa tana da rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi da sumuni tun kafin a gina ajin boko na farko a ƙasar Kano. Wani malamin Katsina, Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hatimin lambobi da kowane layinsa ke ba da jimilla ɗaya, kuma masu tarihin lissafi suna ambatonsa har yau.

Saboda haka ilimin yana cikin unguwa. Abin da ke tsakanin mai awara da littafin ɗanta shi ne harshen da aka rubuta tambayar. Idan aka karanta mata ita da Hausa, za ta ba da amsa kafin yaron ya fiƙe fensir. Idan ta zo da Ingilishi, ita da yaron duka sun zama baƙi, domin shi ma sau da yawa lissafin bai gagare shi ba, jimlar ce bai gane ba. Kalma ɗaya da ke nufin "saura" ko "bambanci" ta isa ta sa ya tara inda ya kamata ya ɗebe.

Hujjar ministan ita ce alƙaluman jarrabawa sun nuna faɗuwa mai yawa a shiyyoyin da suka rungumi koyarwa da harshen uwa, kuma yara na isa jarrabawar da ake yi da Ingilishi ba su iya shi ba. Rabin maganar gaskiya ne: WAEC, NECO da JAMB duk da Ingilishi ake yin su, kuma ɗalibin da bai iya shi ba an cuce shi. Sai dai tsarin 2022 shekara uku kawai ya yi, kuma bai samu littattafai da horar da malamai da za a ce an aiwatar da shi ba. Duk wanda ya zauna WAEC a 2025 ya bar firamare tun kafin a amince da shi. Abin da ya daɗe yana faruwa a azuzuwan gwamnati a Arewa wani abu ne daban: littafi da Ingilishi, allo da Ingilishi, bayani da Hausa gwargwadon iyawar malami, ba tare da tsari ba. A dora wa harshen uwa laifin wannan gauraye kamar a hukunta maganin da ba a sha ba ne. Gwajin da Najeriya ta taɓa yi da gaske, shirin shekara shida na Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, ya koyar da yara da Yarabanci tare da ba su Ingilishi a matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba.

Abin lura, Ƙaramar Ministar Ilimi, Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad, 'yar Jigawa ce, kuma ta shugabanci Kwalejin Ilimi ta Gumel, inda ake yaye da yawa daga cikin malaman firamaren jihar. Ba a rasa wanda ya san ajin Jigawa a teburin da aka yanke hukuncin ba.

Wayar hannu ta shigo

Ga ɗaliban sakandare a Dutse, sabon mataimaki ya bayyana. Ana ɗaukar hoton tambaya a tura zauren WhatsApp na 'yan aji, ko a miƙa wa manhajar ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Meta AI, amsa ta fito da matakanta cikin daƙiƙa. Wannan ma ba kyauta ba ne, sai da babbar waya, caji da data, kuma a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanoni ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Amma ko ga wanda ya samu, tambayar ita ce wane irin mataimaki ne wayar, na farko ko na biyu.

Masu bincike daga Jami'ar Pennsylvania sun gwada haka da ɗaliban sakandare kusan dubu a Turkiyya. Waɗanda aka ba manhajar GPT-4 sake ba ƙaidi sun fi sauran cin tambayoyin atisaye da kashi 48 cikin 100, amma da aka karɓe ta aka ba su jarrabawa, sai suka gaza waɗanda ba su taɓa amfani da ita ba da kashi 17. Wani rukunin da aka ba manhajar da aka saita ta riƙa ba da haske maimakon amsa bai fuskanci wannan koma baya sosai ba. A Benin ta Jihar Edo, gwajin mako shida da Bankin Duniya ya tallafa a 2024 ya ba da sakamako mai kyau, galibi a darasin Ingilishi, amma a can yaran suna zama ne bayan tashi daga makaranta, da malami tsaye a kansu. Wayar da ke hannun yaro shi kaɗai da dare ta fi kama da littafin abokin da ake kwafa da safe, illa dai ita ba ta gajiya.

Gwajin da ya fi dacewa da aljihun Jigawa bai buƙaci intanet ba. Lokacin kullen korona a 2020, wata ƙungiya a Botswana mai suna Young 1ove ta riƙa tura wa iyalai kusan 4,500 tambayoyin lissafi ta saƙon tes duk mako, wasu kuma ana ƙara musu da kiran waya na kimanin minti ashirin, malami yana magana da yaro, uwa ko uba na gefe. Saƙon tes shi kaɗai bai tsinana abin kirki ba. Haɗe da kiran ne aka ga yara sun ci gaba, kuma daga baya aka maimaita gwajin a Indiya, Kenya, Nepal, Filifins da Uganda. Ƙaramar waya mai tocila ta wadatar. Abin da ya yi aikin shi ne mutum da ya saurari inda yaron ya cije.

Abin da Jigawa ta yi, da gurbin da ta bari

Ba za a ce gwamnatin jihar ta naɗe hannu ba. Gwamna Umar Namadi ya raba ma'aikatar ilimi gida biyu, ya ware ta ilimin matakin farko. Ya mayar da malamai 3,000 na shirin J-Teach, waɗanda aka fara ɗauka na wucin gadi a zamanin Badaru Abubakar, ma'aikatan dindindin. Ya kuma ƙulla yarjejeniya da kamfanin NewGlobe, wanda ya yi irin wannan aiki a Edo, Legas, Kwara da Bayelsa, aka kafa JigawaUNITE, inda malami ke karɓar darasi a tsare cikin na'urar hannu. Kafin su, shirye-shiryen da Birtaniya ta ɗauki nauyi, ESSPIN da TDP, sun yi shekaru a jihar, yanzu kuma akwai PLANE da ke aiki a Jigawa, Kano da Kaduna.

Kusan duk wannan ƙoƙari yana ƙarewa ne a ƙofar aji. Darasin da aka tsara daga sama yana tafiya da saurin manhajar karatu, yaron da aka bari a baya tun aji biyu kuwa yana buƙatar wanda zai koma da shi inda ya tsaya. Maƙwabciya Kano ta gwada hakan a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa ƙarƙashin shirin KaLMA daga 2019, bisa salon da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ƙirƙiro: a auna yara, a raba su gwargwadon abin da suka iya maimakon ajin da suke, a koya musu ƙirga da tsinke da duwatsu, da Hausa. Wudil tana kan hanyar Dutse zuwa Kano, duk jami'in da zai je taro ta cikinta yake wucewa.

Dutse ba ta rasa hannuwa ba. Akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, akwai masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa rukuni bayan rukuni, ga ɗaliban Gumel da dole su yi koyarwar gwaji kafin a ba su takardar NCE. Azuzuwan firamare kuma a rufe suke ko a hannun Islamiyya daga azahar. Sa'a ɗaya ta aikin gida a cikin makaranta, sau uku a mako, ƙarƙashin kwamitin kula da makaranta na unguwa, ba ta buƙatar sabon gini ko kwangilar da za a yanka zare. Wataƙila shi ya sa ba ta da farin jini wurin 'yan siyasa. Tana buƙatar alawus da za a biya a kan lokaci, da horon kwana kaɗan kan bambancin ba da amsa da ba da haske, domin ɗalibin jami'ar da ba a horar ba shi ma zai karɓi biro ya rubuta 224.

Sassaucin Oktoba yana da nasa amfanin, kuma adalci ne a faɗa. Ma'aikatar ta ce sama da mutum miliyan biyu ke zana JAMB duk shekara, kimanin 700,000 ke samun gurbi, kuma akwai haziƙai a Hausa, Larabci ko tarihi da kiredit ɗin lissafi ya tsare shekara da shekaru. Amma a jihar da ke neman likitoci, injiniyoyin noman rani na kwarin Haɗeja da malaman kimiyya, haɗarin a bayyane yake: 'ya'yan masu lesin su cika azuzuwan kimiyya, 'ya'yan marasa mataimaki a nuna musu ƙofar da ba ta buƙatar lissafi tun suna aji uku na ƙaramar sakandare, a kira hakan zaɓinsu.

Tsarin mulki ya sanya ilimi cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke tarayya a kai, kuma makarantun firamaren Takur a hannun hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha da ƙaramar hukumar Dutse suke. Ko da an bi umarnin Abuja a kan harshen allo, babu abin da ya hana hukumar ta buga tambayoyin aikin gida na aji ɗaya zuwa huɗu da Ingilishi a shafi ɗaya, Hausa a ɗaya shafin, da boko da ajami, yadda uwar da ta yi Islamiyya ko uban da ya yi allo za su karanta. Masu neman kujerar majalisar jiha a 2027 za su shigo Takur neman ƙuri'a, kuma matasan da za su tare su suna da damar tambayarsu nawa wannan shafi zai ci a kasafin kuɗi, da kuma malaman lissafi nawa ke koyarwa a firamaren mazaɓarsu.